Abin da Kawu Mushe Ya Bari a Kaset

Ina tsaye a kilas a Mayahi, alli a hannuna, direkta, shugaban makarantarmu, ya leƙo ta taga ya yafito ni. Yadda ya riƙe hularsa a hannu ya isa ya gaya mini ba maganar aiki ba ce. Ya ce, "Madam, sai haƙuri. Mushe na Tasawa, Allah ya yi mishi cikawa da hantsi." Na yi salati, na ce daga Allah muke kuma gare shi za mu koma, sannan na juya na ƙarasa jimlar da na fara rubutawa a allo, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Kawuna ne, wan mahaifiyata. Shi ya sa ni lakwal, wato makarantar boko, a gidansa kuma na girma. Kowane malamin lakwal Mushe ake ce masa, amma a Tasawa in aka ce Mushe aka yi shiru ba a ƙara komai ba, to shi ake nufi. Wannan ta'aziyya ta makara ƙwarai, na sani. A shekarar da ya rasu sojoji ke mulki, kuma ma'aikaciyar gwamnati irina ba ta rubuta abin da idonta ya gani. Bana matarsa, wadda muke ce wa Inna, ta bi shi, na duba hagu da dama na ga babu sauran mai ba da labarin sai ni.

Shekarar fari na biyu ce. Esansi, wato man fetur, ya yi wuya, mota sai an yi sa'a, sai washegari na samu bayan wata kamiyo, babbar motar kaya. Ko da na isa an riga an kai shi makwancinsa.

Na tarar da ƙofar gida cike, amma da wani irin shiru da ban saba ji a gidan mutuwa ba. Ana ta'aziyya da rabin murya, ana waiwaye. Na durƙusa a zaure ina gaida babban kawuna, wanda muke ce wa Kawu Alhaji, sai ga wani mahauci da ya yi karatu a hannun mamacin, ƙato mai furfura. Ya buɗe baki zai yi gaisuwa, sai wata waƙar 'yan lakwal ta kuɓuce masa. Ya toshe bakinsa da hannu ya tashi ya fita. Wani dattijo daga unguwar malamai ya ce, "Allah shi jiƙan shi, shi gahwarta mishi kaɗe-kaɗen da ya yi." Aka ce amin. Ni ma na ce amin.

Cikin gida na tarar da mata daga ƙauyukan Isawan, sun taka da ƙafa duk da yunwar da ake ciki, ƙafafu sun yi fari fat. Wata tsohuwa Buzuwa tana zaune jikin bango, ba ta kuka. Da na zo wucewa ta kama bakin zanena ta ce, "Ɗiyar Mushe, yanzu wa za shi kunna mini ɗiyata?" Kaset take nufi. Kawu ya bar adaka guda cike da kaset-kaset na waƙoƙin mata da ya yi shekaru yana ɗauka, kuma muryar ɗiyarta da ta rasu tana ciki.

Mahaifiyata ce ta ja ni bayan rumbu ta gaya mini dalilin shirun. Jandarma biyu sun zo ta'aziyya jiya. Sun zauna kan tabarma, sun karɓi addu'a, sun shafa, sannan babbansu ya tambayi Kawu Alhaji ina kaset-kaset ɗin Mushe. Sun ce za su dawo ran sadakar bakwai. Shi kuwa Kawu Alhaji ya rantse kafin ranar ba abin da zai rage a cikinsu.

Kiɗa ba gadonmu ba ne. Mu manoma ne da 'yan kasuwa, babu maroƙi a danginmu, kuma Kawu Alhaji bai gaji da tuna wa mutane haka ba. Kawu Mushe ya ɗauko abin ne a makarantar horon malamai, wurin wata tsohuwa Ba'amurkiya da ta zo ta yi 'yan shekaru tana koyar da kiɗa. A ƙasarsu, in ji shi, makaɗiyar piyano ce, tana kuma tsara kiɗan kanta. Ta kama shi yana ƙwanƙwasa tebur da yatsu ana cikin darasi, ya ɗauka horo zai sha, sai ta ce ya sake ta ji. Da za ta koma gida ta bar masa wani akwatin kiɗa mai maɓallai farare da baƙaƙe, wanda ake taka wa iska da ƙafa kamar zugazugin maƙeri. Shi yana ce masa armoniyom, gari kuwa ya ce akwatin Mushe, kuma garin ne ya yi nasara.

Bayan shekaru wani Bature mai haƙar rijiyoyi ya kawo masa labarin ta rasu. Ya ce wai a garinsu an tattara duk abin da ta bari, takardun kiɗanta da faifan da ta yi da hotunan ɗalibanta, an ajiye a wani ɗakin karatu da sunanta a jiki, duk mai so ya je ya ji. Ina tsakar gida ranar. Kawu ya ce wa Inna, "Kin ji mutane. Mu in tsohuwa ta mutu sai a raba zannuwanta. Waƙar da take yi bakin dutsin niƙa hwa, wa aka ba?" Inna ta ce, "A ba ka, tunda kai ba ka da aikin yi." Ba a jima ba ya sayo manyeto, wato rediyo mai ɗaukar magana, wurin wani da ya dawo daga Kano.

Daga nan muka shiga uku. Babu pil, wato batir, da ke kwana lafiya a gidanmu. Inna za ta lalubo cocilanta ta ji ta yi sakayau, ta ɗaga murya, shi kuwa ya yi kamar bai san yaren ba. Pil ɗin da suka mutu yakan jera su a rana kan kwanon rufi, wai suna shan ƙarfi. Ba ya mayar da kaset baya da manyeto, sai ya zura bik, wato biro, a ramin ya yi ta juyawa, yana tafe yana juyawa, har a hanyar masallaci an gan shi da shi. Ranar da babu lakwal ya rataya manyeto a kafaɗa ya hau keke, ya bi matan daka da na niƙa da na bakin rijiya. Ba ya sa bakinsa a ciki. Yakan ce wa mace, "Ke za ki hwaɗi sunanki da garinku, ba ni ba." In kaset ya cika sai ya sa tsinken wuƙa ya ɓalle wani ɗan haƙorin roba da ke gindinsa, ya ce ya kulle shi, don in babu haƙorin manyeto ba ya yarda a ɗora wata magana a kai.

A kilas ma haka yake. Ana cikin lissafi sai ya ɗaga hannu, kowa ya tsaya cak, ashe luguden maƙwabta ya jiyo. In yaro ya yi garajen buɗe baki a waƙa sai ya ce, "Yi shiru ka ji tukuna." Ni na fi kowa shan wannan magana, don tun ina ƙarama bakina ya riga kunnena girma. Ba mai fara'a ba ne, kada in yi masa ƙarya don ya mutu. Yana da fushi, yana da taurin kai, kuma in yana sauraron wani abu ko gobara ake yi ba zai waiwayo ba.

Tsohuwar Buzuwar nan a fari na farko suka sauko daga arewa, dabbobinsu sun ƙare a hanya, suka kafa bukka a bayan gari ita da ɗiyarta da jinjiri. Kawu ya ji ɗiyar tana rarrashin jinjirin da wata waƙa, ya nemi izini ya ɗauka. Kafin damina ɗiyar da jinjirin duk sun tafi. Tun daga nan, in yana gari, kowace ranar kasuwa tsohuwar sai ta zo ta zauna jikin bangon nan, shi kuma ko me yake yi sai ya ajiye ya kunna mata. Ba sa hira. In ta ƙare ta ce madalla ta tashi. Wannan ne kaɗai pil ɗin da ban taɓa jin Inna ta yi faɗa a kansa ba.

Rigimarsa da hukuma ta fara ne lokacin da aka ce wani babban soja zai zo rangadi. Kumandan, wato shugaban mulkin yankin, ya kira shi ofis ya ce ya tsara wa 'yan lakwal waƙar yabo. Kawu ya ce to. Ranar taro aka ɗauko akwatin a amalanke, yara suka jeru da farin kaya, ya taka iska, sai suka ɗauki waƙar roƙon ruwa da matan ƙauye ke yi in sama ta ƙi. Fili ya yi tsit. Tsofaffi suka fara share ido, babu wanda ya tafa, baƙon kuwa ya yi ta duba agogonsa. Kafin a rufe lakwal takarda ta fito an mayar da Kawu can Isawan, inda ko benci babu. Ya tafi da kekensa da manyetonsa, ya dawo bayan shekaru da kaset fiye da waɗanda ya tafi da su.

Abin da ya kawo jandarma kuwa a fari na biyu ya faru. Matan da ke layin rabon hatsin taimako suka ƙago wata waƙa, wai tiyar awon kumandan ta rame, ta fi su jin yunwa. Kawu, yana ritaya yana fama da ciwon ƙirji, ya ja jiki ya je ya ɗauka a idon kowa. Da yamma Kawu Alhaji ya zo gida a fusace. Shi ɗan kasuwar hatsi ne, kuma izinin sayarwa a hannun hukuma yake. Ya ce, "Kai ba ka da shago, ba ka da abin da za a ruhe maka. Ni za ka kashe." Kawu Mushe ya ce, "Yaya, ni ban yi waƙa ba, ji na yi." Alhaji ya ce, "To jin naka za shi kai mu kaso." Dama can bai taɓa zama ya saurari ƙanensa ba. Da ya ji an taka akwatin yake ɗaukar butarsa ya fita, tun suna samari har suka tsufa.

Ran sadakar uku, bayan an shafa fatiha, Kawu Alhaji ya sa aka fito da adakar aka ajiye a rumfar tsakar gida, ya kira wani alaramma. Ya ce, "Ni ba ni ƙona dukiya. Kaset ƙwarya ce, a zubar da abin da ke ciki a zuba mai kyau. Za a ɗora karatu bisa, a raba sadaka, lada ta ishe shi inda yake." Kowa ya gyaɗa kai. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, maganar tana da kan gado, kuma haka kowa ke yi da kaset a garin. Babu mai ajiye shi don abin da ke ciki.

Na fito daga cikin mata na durƙusa. Na ce, "Kawu, mutane ne a ciki. Wasu sun mutu, muryar nan ita kaɗai ta rage musu."

Ya ce, "Wanda ya mutu addu'a yake so, ba a ji muryarshi ba."

Na ce, "To a ba ni in tahi da su Mayahi."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Madam, in anka kama ni, ke za ki ci da gidan ga? In anka kore ki aiki hwa? Kuma ki tuna ke ɗiyar mace ce, ko allura ba ki da ita cikin gadon ga."

Gaskiya ya faɗa, kuma ta yi mini zafi har ƙashi. Na koma na zauna.

Aka zura kaset na farko, aka danna jan maɓalli, ya ƙi shiga. Aka sake, ya ƙi. Kawu Alhaji ya ce, "Ikon Allah, shekaranjiya lahiya lau ya ɗauka." Zuciyata ta fara dawowa wurinta. Sai wani mai gyaran rediyo da ke cikin masu zaman makoki, Allah ya yafe masa gwanintarsa, ya ce ai a cusa takarda a ramin haƙorin. Aka tauna takarda aka cusa. Maɓalli ya shige. Alaramma ya gyara zama ya ja bisimilla. Yana da murya, karatun ya yi daɗi, kuma Allah ya sani ba karatun nake ƙi ba, amma ban taɓa kuka irin na ranar ba. Waƙoƙin daka na matan Isawan ne a kaset ɗin, wasu daga cikinsu suna zaune a tsakar gidan, ba su ma san su ake shafewa ba. Ya cika fuska ɗaya, aka juya, ya cika ɗayar. Ana ciro na biyu aka kira azahar, maza suka tashi suka tafi masallaci.

Duk wannan abu Inna tana ɗakinta bayan asabari, ta shiga takaba, ba a ji ko tarinta ba. Ban sa rai da ita ba ko kaɗan. Matar da ta yi rabin rayuwarta tana cewa wata rana sai ta jefa manyeton nan rijiya, me zan nema wurinta? Sai na ji ta ce, "Ke, zo nan." Na shiga. Ta ce, "Kwanukana da anka hitar don sadaka, sun yi wohi?" Na ce sun yi, Inna. A shekarar kwanuka sun fi abinci yawa. Ta ce, "To a wanke a maido mini ɗaki. Kada a maido su wohi."

Ban tsaya tambaya ba. Ni da mahaifiyata da matan Isawan da tsohuwar Buzuwa muka hau aiki, babu mai magana. A goge kwano, a jera kaset, a rufe, a miƙa. Inna tana karɓa tana ɗorawa a jerenta, kwanukan nan masu fure da kowace matar aure ke jerawa jikin bango har kusa da rufi. Kunnena yana masallaci, ina jin liman yana kabbara. Ko da maza suka dawo adaka ta koma fayau.

Kawu Alhaji ya tsaya nesa da ƙofar ɗakin. Wa ba ya shiga ɗakin matar ƙanensa, balle tana takaba, kuma su biyun ba su taɓa magana baki da baki ba. Ya ce wa mahaifiyata, "A tambaye ta ina kayan marayu." Daga bayan asabari Inna ta ce, "A gaya wa Yaya abin da ke cikin kwanukana nawa ne. Jeren mace ba ya shiga gado." Ya ce, "A gaya mata ran bakwai ita za ta amsa." Ta ce, "A gaya mishi na ji."

Kwanakin da suka biyo ban ga wanda ya ci abinci da daɗi ba. Mota in ta wuce a titi sai hira ta yanke. Masu zuwa gaisuwa suka ragu, wasu daga zaure suke juyawa. Mahaifiyata ta fara cewa ko dai a fitar da na waƙar tiya kaɗai a ba su, Inna ta ce wanda ya karɓi ɗaya zai dawo neman saura. Kawu Alhaji ya rame a idonmu. Na tsane shi a kwanakin nan, amma na san tsoro ne ke cin sa.

Ran bakwai da hantsi jandarman suka zo. Kawu Alhaji ya miƙa musu manyeto da kaset ɗin da alaramma ya cika. Suka kunna, karatu ya tashi, ƙaramin ya cire hularsa. Babban bai ruɗu ba. Ya bari aka kai aya ya kashe, ya ce, "Alhaji, adaka guda anka ce muna. Ina saura?" Ina laɓe bayan ƙyauren zaure, na tabbata yanzu Kawu Alhaji zai nuna ɗakin Inna. Ya sunkuyar da kai ya yi ta jan carbi, bai ce uffan ba. Wannan alherin na riƙe masa har ya mutu.

Jandarman ya ratsa zaure ya shigo cikin gida da takalmansa. Mata suka dare. Ya tsaya ƙofar Inna, inda ya ga idon kowa yana gudu. Ta ce, "Wane ne?"

Ya ce, "Hukuma ce, Inna."

Ta ce, "Bisimilla, shigo. Takaba nike, ƙasar kabarin maigidana ba ta bushe ba. Ga kwanuka nan har ruhi. Ka sauke su ɗaya-ɗaya da hannunka, matan garin ga suna kallo."

Ya ɗaga hannu ya taɓa asabarin. Kowa ya san namiji baligi ba ya faɗa wa mai takaba a ɗaki, kuma wanda ya yi, labarin zai riga shi isa gidan uwarsa. Ya daɗe a tsaye, gumi yana bin wuyansa. Can ya sauke hannun ya ce, "Allah shi ba da haƙuri," ya juya. Ba na cewa tausayi ne ya kama shi, kunya ce. Suka tafi da manyeton, ba mu sake ganinsa ba.

Ranar kasuwa tsohuwar Buzuwa ta zo kamar kullum. Babu abin kunnawa. Inna ta sa na nemo kaset ɗin ɗiyarta a cikin kwanuka ta miƙa mata. Ta riƙe shi a tafin hannu gwargwadon tsawon waƙar, ta mayar, ta ce madalla.

A wannan neman ne na tambayi Inna ina kaset ɗin kiɗan Kawu na kansa. Ta gaya mini cewa a watannin ciwonsa yakan tura ƙofa ya zauna gaban akwatin da manyeto a gefe, yana ɗaukar wani kiɗa nasa na kansa da ya yi shekaru yana ginawa, ya ɗauka ya shafe ya sake. Shi kaɗai ne kaset ɗin da hannunsa ke ciki. Muka sauke jeren kaf, babu shi. Inna ta ce, "Ai cikin manyeton yake ranar da ya cika."

Mahaifiyata ta dafe ƙirji. Kawu yana da ɗa guda, taubashina, yana neman abinci a Abijan. A lokacin in za a aika wa na nesa labari mai nauyi, a kaset ake ɗauka a ba direba, don ya ji da muryar nasa. Ranar da aka kai Kawu makwancinsa, Alhaji ya jawo manyeto ya danna jan maɓalli a kan kaset ɗin da ya tarar a ciki. Ya ɗauka ba gardama, don Kawu bai ɓalle masa haƙori ba, bai gama ba. A ranar aka ba direba.

Na fita bayan rumbu na zauna a ƙasa. Mutumin da ya ajiye matan ƙasar nan kaf, kowace da sunanta da garinsu, shi kaɗai ne ya ɓace, kuma labarin mutuwarsa aka ɗora a kansa. Akwatin yana nan a ɗaki, amma babu wanda ya iya shi, daga baya ma gara ta cinye shi.

Sai bayan Inna ta fita takaba taubashina ya samu zuwa. Ya zo da ƙatuwar rediyo mai kaset irin ta 'yan Abijan. Na samu hutu na zo. Da la'asar muna rumfar tsakar gida, Kawu Alhaji ya shigo yi masa barka da hanya, sai taubashina ya ciro kaset daga aljihun gaba ya ce, "Akwai abu a ƙarshe. Ku ji."

Ya kunna. Muryar Kawu Alhaji ta tashi, sallama, salati, labarin rasuwar. Sannan nasiha. Sannan sunayen waɗanda suka zo jana'iza unguwa-unguwa. Sannan halin da kasuwar hatsi ke ciki. Aka juya kaset, yana nan yana magana. Bayan shi dattawa suka karɓa ɗaya bayan ɗaya, kowa da tasa gaisuwar. Alhaji yana zaune yana jin kansa, yana gyaɗa kai. Sai aka ji ƙarat, maganar ta yanke, kiɗan akwatin Kawu ya shigo.

Daga tsakiya muka same shi. Hannun hagu yana tafiya kamar luguden mata biyu, hannun dama yana bin sa a hankali da wata murya mai kama da ta mai rarrashi. Ana jin kukan matakin iska, ana jin numfashinsa yana ja da ƙyar. Ya yi tari sau ɗaya bai tsaya ba. Kiɗan ya fara hawa, ya kama hanyar wani wuri, sai zare ya ƙare, maɓalli ya ɗago da kansa. Duka bai kai a sha ludayin fura ba.

Butar Kawu Alhaji tana gefensa, bai taɓa ta ba. Inna, wadda tunda aka kawo ta gidan ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye ba, ta dube shi ido cikin ido ta ce, "Yaya, kai ma da ka gajarta."

Kawu Alhaji ya ce wa taubashina, "Maido shi baya."

Ya mayar, sai ya zarce da yawa, muryar Alhaji ta sake tashi tana bayanin gero. Tsohon ya ɗaga hannu biyu kamar mai kare duka, hawaye yana bin fuskarsa. Ya ce, "A'a, wuce ni. Wuce ni, ɗana. Kai ni wurin ƙanena."

Allah ya jiƙan Kawu Mushe da Inna da Kawu Alhaji, ya haɗa su inda babu tsoro, ya jiyar da Kawu abin da ya fi duk wanda ya taɓa ɗauka daɗi.